Wayar Tamu, Makunnin Nasu

Ana yawan cewa mutanenmu na karkara suna gudun kayan zamani. Mai faɗin haka bai tsaya a kasuwar ƙauye ya buɗe idonsa ba. A Kasuwan Garba, cikin ƙaramar hukumar Mariga ta masarautar Kontagora, za ka tarar da dillalin hatsi da waya biyu a aljihu, ƙarama mai riƙe caji da babba ta kallon bidiyo. Ga rumfar mai caji, ya jera wayoyi a kan katako kowace da lambarta a manne, farantin sola yana bisa rufi. Ga mai POS a ƙarƙashin lema, ga yaron da ke tura wa mutane wa'azi da waƙoƙi da fassarar fina-finan Indiya a memori. Bafulatanin da ya sayar da sa yana riƙe da igiya, ba zai saki ba sai ya ji ƙarar alat. Babu hukumar da ta tilasta wa mutanen nan ko ɗaya daga cikin waɗannan abubuwa. Sun gani, sun gwada, sun ga amfani, suka karɓa.

Amma mutumin nan da ya rungumi waya hannu bibbiyu, ranar da aka ce ya je ya dangwala yatsunsa goma a na'ura, a ɗauki hoton fuskarsa a haɗa da layinsa, sai ya tsaya yana tambaya: "To, me za su yi da shi?" In aka ce ya bar kuɗinsa a banki ya riƙa ciniki da taransifa, sai ya ce gara ya ji su a lalitarsa. In aka nuna masa na'urar zaɓe aka ce bana ba maguɗi, murmushi kawai zai yi. 'Yan bokon birni suna fassara wannan da jahilci. Ni lissafi nake gani, lissafin mutumin da ya daɗe a ƙarƙashin hukumar da ba ta neman shawararsa. Abin da yake hannunsa, ya kunna ya kashe yadda ya ga dama, ya yarda da shi. Abin da makunninsa yake Minna ko Abuja, a hannun wanda ba zai taɓa samun damar tsayarwa ya tambaye shi dalili ba, da shi yake ɗari-ɗari. Sau da yawa gaskiya tana wajensa. Akwai kuma inda wannan zargi ya cuce mu, ya cuci 'ya'yanmu, kuma shi ma sai an faɗa.

Ƙasar Kontagora ta san ƙarfin hukuma tun ba a san lantarki ba. Umaru Nagwamatse, jikan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, da takobi ya kafa ta a ƙarni na 19, kuma Kambari da Kamuku da Gwari sun ɗanɗani hare-haren zamaninsa da na ɗansa Ibrahim. A 1901 Turawa suka ci Kontagora, a 1902 Gwamna Lugga ya kafa hedikwatarsa a Zungeru. Kayan zamani na farko da talakan yankin ya gani, da su aka zo mallakarsa: bindiga mai ruwan harsashi, wayar tangarahu mai kai umarni, layin dogon Baro zuwa Kano da aka shimfiɗa da gumin mutanen da hakimai suka tara tilas, sai kuma littafin ƙidaya. Littafin ne ya fi daɗewa a zukata. Malamin haraji ya zo ya rubuta sunan magidanci da baligan gidansa, malamin jangali ya ƙirga shanu. Bayan rubutu sai biya, wanda ya kasa kuwa sai dogari. Can ne makiyayi ya koyi kora rabin garke cikin daji kafin mai ƙirga ya iso. Wanda ya tashi da wannan labari a bakin kakansa, ba ya zuwa da gudu in an ce ana rajista.

Mulkin soja ya ɗora nasa a kai. Dokar soja mai lamba 4 ta 1984, zamanin Janar Buhari, ita ta kai 'yan jaridar Guardian biyu, Tunde Thompson da Nduka Irabor, gidan yari na shekara guda. A 1993 gwamnatin Janar Babangida, ɗan jiharmu ta Neja, ta soke zaɓen 12 ga Yuni bayan mutane sun riga sun kaɗa ƙuri'a. A duk tsawon shekarun nan gidajen rediyon gwamnati abin da mai mulki yake so shi suke faɗa. Me talaka ya yi? Bai jefar da rediyo ba. Ya murɗa akwatinsa ya kamo Landan da Muryar Amurka da Jamus, domin murfin yana hannunsa kuma gwamnan soja ba shi da yadda zai toshe gajeren zango. Son da Bahaushe yake yi wa rediyo har yau, a nan wani sashe na tushensa yake.

Wayar salula ta zo a 2001 da kamannin irin wannan 'yanci, kuma shekaru da yawa haka ta zama. Sai dai waya tana da abin da akwatin rediyo ba shi da shi: tana rataye da ƙarfen sabis, ƙarfen kuma yana da mai ba shi umarni. An fara ganin haka a 2013, lokacin da gwamnatin Jonathan ta sa dokar ta-ɓaci a Borno da Yobe da Adamawa aka datse layukan waya. Mutanen arewa maso yamma sun ji labarin daga nesa. A watan Satumba na 2021 abin ya iso gida. Hukumar sadarwa ta NCC ta umarci kamfanoni su kashe sabis a duk faɗin Zamfara bisa roƙon Gwamna Matawalle, aka ce na mako biyu ne. Mako biyu ya wuce, abin ya bazu zuwa ƙananan hukumomi 13 na Katsina da 14 na Sakkwato da wasu sassan Kaduna, wasu wuraren suka yi watanni a kulle. A Neja kuwa gwamnatin Abubakar Sani Bello ta dakatar da kasuwannin shanu na mako-mako, ta taƙaita sayar da fetur a jarka da zirga-zirgar babura.

Hujjar hukuma tana da nauyi, ba zan raina ta ba. Shekarar ce aka kwashe ɗaliban makarantar kimiyya ta Kagara a watan Fabrairu, aka kwashe yaran Islamiyyar Salihu Tanko ta Tegina a ƙarshen Mayu, wasunsu ƙanana ƙwarai, suka yi kusan wata uku a daji. A watan Mayun nan dai 'yan bindiga suka kashe Sardaunan Kontagora, ɗan Sarki Sa'idu Namaska, a gona. Kowa ya san da waya ɓarayin daji suke cinikin kuɗin fansa, da ita infoma yake faɗa musu wa ya sayar da shanu jiya, wace hanya sojoji suka bi. Duk gwamnan da ke kallon wannan zai so ya katse igiyar.

Amma dubi yadda abin ya sauka a kan mutane. Mariga tana jingine da dazukan Zamfara, mutanenta da na can dangi ne kuma abokan ciniki. Da sabis ya ɗauke a can, wanda ɗan'uwansa yake hannun ɓarayi ya rasa ta inda zai ji ko yana raye. Ƙauyen da a da yake bugo wa maƙwabtansa waya cewa "ga su nan sun ɓullo ta gabas, ku kwashe mata da yara", ya zama shiru. Mai haƙuri ba ya iya kiran mota, mai POS ya rufe lema, ɗan kasuwa sai ya yi tafiyar sa'o'i a hanya mai haɗari don ya tura saƙo guda. Shi kuwa ɗan bindiga yana da babur da man da ya saya a ɓoye, yana da oba-oba, yana iya gangarawa har inda sabis yake, kuma da yawansu jihohin maƙwabta suka kwararo. Hare-haren da aka kai a lokacin, labarinsu ba ya fitowa sai bayan kwanaki, wani ma ba ya fitowa sam. A rahoton hukuma wannan shirun yana iya kama da zaman lafiya. Da aka maido da sabis, ɓarayin suna nan. Babu gwamnatin da ta fito da cikakken bayani a bainar jama'a cewa ga abin da aka samu, ga abin da aka rasa, ga wanda ya ɗauki asarar. Darasin da talaka ya ɗauka mai sauƙi ne: katin da ya saya da kuɗinsa, wayar da ya saya da kuɗinsa, takarda guda daga Abuja tana iya mayar da su ƙarfe da roba.

Sai batun haɗa layi da lambar ɗan ƙasa ta NIN, wanda aka kafa doka a kansa a Disamba 2020, zamanin Minista Isa Ali Pantami. An yi alkawari cewa daga nan duk wanda ya buga waya ya nemi kuɗin fansa, an san shi an san inda yake. Mutane suka bar gonakinsu suka tafi layi. Wanda ya taɓa zama a wurin rajistar nan ya ga abin da ke faruwa da tsohon manomi: ya ɗora babban yatsa a gilashi, na'ura ta ƙi karantawa, domin fartanya da lauje sun shafe zanen fatar. A ba shi tsumma ya goge, ya shafa yatsan a goshi ko a gashin kai don ya ɗan yi maiƙo, a sake gwadawa. In an samu ta karanta, sai a ce sabis ya ɗauke, a dawo gobe. Rajistar da aka ce kyauta ce, a wurare da yawa sai da aka ba da na goro. A Afrilu 2022 aka toshe kiran fita na layuka sama da miliyan 70. An sha wannan wahala duka, amma har yau ɓarawon daji yana kiran iyalin wanda ya kama da layi ɗaya mako da makonni, wasunsu ma suna fitowa a TikTok suna baje kuɗi. A farkon 2024 Pantami da kansa ya fito yana kukan cewa hukumomin tsaro ba sa amfani da tsarin yadda ya kamata. A shekarar nan kuma 'yan jarida da ƙungiyar Paradigm Initiative suka bankaɗo shafukan intanet da ke sayar da bayanan NIN na mutane a kan kuɗi ƙalilan, duk da cewa an sa hannu a dokar kare bayanan jama'a tun 2023.

Abin da ya fi ci wa mutane rai shi ne sun ga na'urar tana aiki in an so ta yi. A Yuni 2022 wani ɗalibin jami'ar tarayya ta Dutse ya yi rubutu a Twitter a kan uwargidan shugaban ƙasa ta lokacin. An gano shi a Nuwamba, an ɗauko shi har Abuja, an gurfanar da shi, sai da ƙasa ta ɗauki zafi aka janye ƙarar. To yaya za ka shawo kan mutumin Kasuwan Garba cewa an iya gano ɗalibi ɗaya a cikin dubbai saboda layi biyu na rubutu, amma an kasa gano mai riƙe da mutum hamsin a daji yana waya kullum? Masana tsaro za su ce sanin inda mutum yake daban, isa wurinsa cikin daji da makami daban, kuma akwai gaskiya a ciki. Amma ba su taɓa zuwa sun zauna da mutanen sun yi musu wannan bayani ba. Abin da ido ya gani shi zuciya ta riƙe. Abubakar Idris, wanda aka fi sani da Dadiyata, malamin jami'a mai sukar 'yan siyasa a shafukan sada zumunta, an ɗauke shi daga ƙofar gidansa a Kaduna a Agusta 2019, har yau babu shi babu labarinsa.

Canjin kuɗi ya zo ya ƙara gishiri a miki. A Oktoba 2022 gwamnan Babban Banki, Godwin Emefiele, ya sanar da sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1000, aka ce za a karya masu sayen ƙuri'a da masu karɓar fansa, a tura jama'a ga cinikin waya. A garuruwan da banki mafi kusa yake Kontagora, tafiyar da kowa ke fargaba, mutane suka mayar da tsofaffin kuɗi suka rasa sababbi. Mai POS ya koma sayar da naira da naira. Mace ta kai akuya kasuwa ta dawo da ita, ko ta sayar a rabin kuɗi ga mai tsaba. Taransifa ta maƙale kwana da kwanaki, an cire a nan ba ta shiga can ba. Sai da gwamnatocin Kaduna da Kogi da Zamfara suka kai ƙara, Kotun Ƙoli ta yanke a ranar 3 ga Maris 2023 cewa tsofaffin takardun su ci gaba da aiki. Abin lura shi ne, cinikin taransifa ya bunƙasa sosai daga baya, har a ƙauyuka, lokacin da aka daina tilastawa kuma manhajojin da ke tura kuɗi nan take suka yawaita. Kuɗin intanet na eNaira da gwamnati ta ƙaddamar da biki a Oktoba 2021 kuwa, da wuya ka sami ɗan kasuwar da ya taɓa karɓarsa.

Zaɓen 25 ga Fabrairu 2023 ma haka. An yi ta shela cewa na'urar BVAS za ta tantance mai zaɓe, a ɗauki hoton takardar sakamako a tura shafin IReV kowa ya gani daga rumfarsa. Ranar zaɓe sakamakon 'yan majalisa ya riƙa shiga, na shugaban ƙasa ya tsaya, INEC ta ce tangarɗar na'ura ce. Daga baya Kotun Ƙoli ta ce doka ba ta sa shafin ya zama wurin tattara sakamako ba. Ba na cewa BVAS ba ta yi amfani ba. Ta rage aringizon ƙuri'un da ake cusawa da sunan matattu da waɗanda ba su fito ba, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne. Amma an sayar wa mutane ita a matsayin ƙarshen maguɗi, ta gaza a daidai wurin da aka fi zuba mata ido.

Yanzu ga ɓangaren da ya fi damuna, wato bakin mutane. Mu 'yan Neja muna da hannu dumu-dumu a wannan tarihi. A 2019 ƙudurori biyu suka tayar da ƙura a Majalisar Dattawa, kuma duka daga sanatocinmu suka fito. Sanata Mohammed Sani Musa na Neja ta Gabas ya kawo na daƙile ƙarya a intanet, wanda zai ba hukuma ikon sa a toshe wa mutum ko shafi hanya. Sanata Aliyu Sabi Abdullahi, mai wakiltar Neja ta Arewa a lokacin, wato mazaɓar da Kontagora da Mariga suke ciki, ya kawo na kalaman ƙiyayya, wanda a fasalinsa na farko har da hukuncin rataya idan kalaman suka jawo mutuwa. Duka biyun ba su zama doka ba saboda jama'a sun yi ca. Amma a Yuni 2021, bayan Twitter ta goge wani rubutun Shugaba Buhari, gwamnati ta rufe dandalin gaba ɗaya ba tare da wata doka ta majalisa ba, har wata bakwai, sai Janairu 2022. Kotun ECOWAS ta yanke daga baya cewa rufewar ta saɓa wa doka. Sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015 ya zama sandar dukan 'yan jarida da masu suka, har sai da aka yi masa gyara a 2024. A ƙarshen Yuli 2024, ana saura kwanaki a fara zanga-zangar tsadar rayuwa, layukan mutane masu yawa suka toshe. Kamfanoni suka ce batun NIN ne, NCC ta sa aka buɗe. Ko da haɗuwar lokaci ce kawai, wa zai yarda?

A Agusta 2025 Gwamna Mohammed Umaru Bago ya ba da umarnin rufe gidan rediyon Badeggi FM na Minna, yana zarginsa da tunzura jama'a. Ƙungiyar lauyoyi da ta editoci da Amnesty suka yi tir, Ministan Yaɗa Labarai Mohammed Idris, shi ma ɗan Neja, ya tunatar cewa hukumar NBC ce kaɗai ke da ikon taɓa lasisin gidan rediyo. Bayan 'yan makonni aka shiga muhawarar lasisin masu wa'azi da duba huɗuba. Na san akwai masu wa'azin da bakinsu ke kunna wuta, akwai kuma masu yaɗa ƙarya a rediyo da waya. Maganinsu kotu ce, a kawo shaida a gaban alƙali, wanda ake zargi ya kare kansa. Idan mai mulki shi ne mai ƙara, shi ne alƙali, shi ne kuma mai riƙe da makunni, to gobe wanda zai ce an kai hari a ƙauyensu ba a kawo ɗauki ba, shi ma "mai tunzura jama'a" ne.

Duk wannan yana ba mai zargi gaskiya. To ga inda zargin ya kai mu ya baro. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara a Kano. Yara 200 aka sa a gwajin, 11 suka rasu, wasu suka nakasa. Kamfanin ya ce cutar ce ta kashe su, iyaye suka ce ba a gaya musu gwaji ake yi ba, kuma a 2009 aka yi sulhu da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. An yi gwajin ne a zamanin Abacha, lokacin da babu majalisa babu mai tambaya. Shekara bakwai bayan gwajin, a 2003, aka ce ɗigon rigakafin shan-inna yana ɗauke da sinadarin hana haihuwa. Dakta Datti Ahmad na majalisar ƙoli ta harkokin shari'a yana cikin manyan masu faɗa, Kano da Zamfara da Kaduna suka dakatar da rigakafin, Kano ba ta dawo ba sai Yuli 2004, da maganin da aka sayo daga Indunusiya. Tsoron yana da tushe, amma zargin ƙarya ne. Cutar ta sake bazuwa daga nan zuwa ƙasashe kusan 20 da suka riga suka rabu da ita. A 2013 aka harbe ma'aikatan rigakafi a Kano, akasarinsu mata. Sai Agusta 2020 aka tabbatar Afirka ta rabu da ƙwayar shan-inna ta asali. Matasan da muke gani yau a kan keken guragu a bakin tasha, wasunsu 'ya'yan waccan shekarar ne. Ba kamfanin ne ya ɗauki wannan hukunci ba, ba kuma gwamnatin da ta ba shi ƙofa ba.

Hausawa sun ce wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Ana yi masa uzuri, amma gudun nan yana iya jefa shi rami. A 2020 an yi ta yaɗa cewa ƙarfen 5G ne ke kawo korona, ana tura saƙon murya daga waya zuwa waya babu mai tambayar wa ya fara faɗa. Yanzu ga ƙirƙirarriyar basira ta zo, ana iya haɗa muryar malami ko sarki yana faɗin abin da bai taɓa faɗa ba. Al'ummar da ta daina yarda da komai daga hukuma, amma take gaskata duk saƙon murya da ya zo daga "wani ɗan'uwa", ba ta tsira ba. Ta canza mai yaudararta ne kawai. Azzalumin shugaba ma wannan yanayi yana yi masa daɗi, domin idan komai jita-jita ne, labarin gaskiya a kan ɓarnarsa shi ma sai ya nutse a cikin jita-jita.

Akwai wani haɗari da ya fi wannan kusa. Wanda aka kashe wa ɗa, aka sa wa ƙauyensa harajin noma, ya sayar da gona ya biya fansa, ba ya son jin dogon Turanci a kan 'yancin faɗar albarkacin baki. Cewa yake a kawo mai ƙarfi, ko soja ne, ya share dajin. Bayan juyin mulkin Janar Tiani a Nijar a Yuli 2023 an ji wannan magana a majalisu da yawa na arewa, kuma a zanga-zangar Agusta 2024 an ga yara ɗauke da tutar Rasha a Kano da Kaduna. Na fahimci zafin da ke haifar da wannan. Amma a dubi abin da mai ƙarfin ya fara yi. Cikin kwanaki sojojin Nijar suka rufe RFI da France 24, a Disamba 2024 suka dakatar da BBC na wata uku, tashar da Hausawan Maraɗi da Damagaram suke kwana suke tashi da ita. Hare-hare kuwa ba su tsaya ba. Ita ma Najeriya a rikicin ta nuna irin nata hali, ta yanke wa Nijar wutar lantarki, wutar da ake samarwa a Kainji cikin jiharmu, talakan Yamai da asibitocinsa suka zauna a duhu saboda rigimar shugabanni. Yaran da aka kama a zanga-zangar tamu kuma, a Nuwamba 2024 aka jera su a kotun Abuja da tuhumar cin amanar ƙasa, wasu suka zube don yunwa. Abin da ya cece su bidiyon da aka ɗauka da waya ne. Ya zagaya ƙasa cikin sa'o'i, bayan kwana uku shugaban ƙasa ya ce a sake su.

Haka Tudun Biri. A daren 3 ga Disamba 2023 jirgin soja marar matuƙi ya saki bam a kan masu Mauludi a ƙaramar hukumar Igabi ta Kaduna, aƙalla mutum 85 suka rasu. Na'urar ta ga taron mutane, wanda ke bayanta ya yanke hukunci daga nesa. Da an yi wannan a wurin da aka kashe sabis, a ƙasar da aka rufe gidajen rediyo, da sanarwa ɗaya za ta fito cewa an hallaka 'yan ta'adda, shi ke nan. Hotunan da mutanen garin suka ɗauka da muryoyinsu da aka ji a rediyo su suka sa rundunar soja ta amsa, manyanta suka je ta'aziyya. Ina son sojojinmu su sami jirage da na'urorin da za su ga ɓarawo a cikin dajin Mariga, domin su ma jininsu yana zuba a can, kamar 17 da aka kashe kusa da Bangi a Yuni 2025. Amma ina son a san wa ya ba da umarnin harbi, kuma a sami wurin da uwar da aka kashe wa ɗa bisa kuskure za ta kai kuka a saurare ta.

Abubuwan da za a nema ba su fi ƙarfin ƙasa ba. Kada a sake kashe sabis a wani yanki sai da izinin kotu, da wa'adi rubutacce, da bayani bayan an gama. Ma'aikacin da ya sayar da bayanan NIN a gurfanar da shi a gani. Sauraren wayar mutum ya zama da takardar alƙali, majalisa kuma ta riƙa tambayar sau nawa aka yi da kuma a kan wa. Waɗannan tambayoyi aikin ɗan majalisar Kontagora da Wushishi da Mariga da Mashegu ne, da sanatan Neja ta Arewa, kuma za su dawo neman ƙuri'a kafin 2027. A ɓangarenmu kuma, limamai da masu unguwanni da malaman makaranta su ne mutane ke tambaya in saƙon murya ya zo. Rigakafin shan-inna bai ci nasara ba sai da Sarkin Musulmi da sarakuna suka shiga gaba, aka ga suna ɗiga wa jikokinsu a bainar jama'a.

Zaɓen 2027 zai zo da na'urorinsa da alkawuransa. A Mariga akwai ƙauyukan da mutanensu suka watse zuwa Bangi da Kontagora, akwai rumfunan da sai an hau tudu ake samun sanda ɗaya ta sabis, akwai wuraren da ma'aikacin zaɓe ba zai yarda ya kwana ba. Tun yanzu ya kamata INEC ta bayyana wa mutanen nan, da Hausa, a rediyo da kasuwa, inda ɗan gudun hijira zai kaɗa ƙuri'arsa, da wanda zai riƙe takardar sakamakon rumfar da ba ta da sabis daga lokacin da aka sa mata hannu har ta isa wurin tattarawa.